Na Dabba ko Na Tsiro: Wanne Za Ka Ɗauka Idan An Ajiye Maka Kwalabe Biyu a Kemis?

Ranar wata Asabar na raka gwaggona kemis. Kusan shekara biyu ke nan gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, sai wata maƙwabciyarta ta ba ta labarin wasu ƙwayoyi masu "zuba wa gwiwa mai". Yaron kemis ɗin ya ɗora kwalabe biyu a kan kanta, ɗaya fara, ɗaya koriya da hoton ganye a jikinta, kuɗinta ya kusa ninka na farar.

"Hajiya, wannan da ɓawon jatan lande da guringuntsin saniya ake yin ta. Wannan kuma daga masara ce."

Gwaggo ta jujjuya farar kwalbar, ta miƙo mini. "Kai ɗan nan, karanta mini. Ita saniyar, wa ya yanka ta?"

Muka yi dariya, amma tambayar ta fi ƙarfin yaron kemis, ta kuma fi ƙarfin takardar da ke manne a jikin kwalbar. Ba a rubuta ƙasar da saniyar ta yi kiwo ba, balle kwatar da aka feɗe ta. Abin da na lura da shi tun daga ranar, mutanenmu a juye suke jin tsoron wannan lamari. Za ka ga mutum ya murtuke fuska a gadon asibiti don an ce allurar da za a yi masa daga jikin dabba aka ciro ta, alhali allura ce da aka tace, aka auna, aka gwada a kan dubban mutane. Shi ɗin dai kuma zai tsaya a bakin tasha ya sayi kafso mara suna da aka ce garin maraina ne na bijimi, ya kora da ruwan leda ko gezau.

Don haka kafin a zo kan dabba da tsiro, akwai rabon da ya fi shi muhimmanci: magani daban, ƙwayar ƙarin lafiya daban. A Amurka, wadda tutarta ke jikin yawancin kwalaben da ake shigo mana da su, wata doka ta 1994 ta ba kamfani damar fitar da ƙwayar ƙarin lafiya kasuwa ba tare da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta amince da ingancinta tukuna ba. Sai an samu ɓarna hukuma ke biyo sawu. Magani kuwa ba ya fita sai ya tsallake gwaji hawa-hawa. A Najeriya ma, lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L, wadda ake ba haɗe-haɗen gargajiya, tana nufin an duba ba a ga illa a fili ba, ba ta nufin hukuma ta tabbatar abin yana warkarwa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya yi rabin zaɓin.

Allurar tsinka jini da abin da ya faru a 2008

In ana neman misalin da ya tattara dukkan abin tsoro game da maganin dabba, hefarin ne. Ita ce allurar da ke hana jini daskarewa a jijiya. Da ita ake wankin ƙoda, da ita ake tiyatar zuciya, kuma 'yar'uwarta Clexane ce ake soka wa mace a fatar ciki bayan an yi mata aikin haihuwa idan ana jin tsoron gudan jini ya tafi huhu. Daga silɓin da ke lulluɓe cikin hanjin alade ake ciro ta. A da ana yin ta da huhun shanu ma, amma aka daina a Amurka a shekarun 1990 saboda fargabar cutar haukan shanu. Ƙasashe irin su Brazil da Ajantina sun ci gaba da yin ta shanu.

A farkon 2008 waɗanda ake yi wa wankin ƙoda a Amurka suka fara faɗuwa mintuna kaɗan bayan an ɗaura musu allurar: jini ya sauka, numfashi ya ɗauke, fuska ta kumbura. Kamfanin Baxter ya janye kayansa. Da aka bi diddigi sai aka tarar ɗanyen sinadarin ya fito ne daga wata masana'anta a Changzhou ta ƙasar Sin, wadda ita ma take saye daga ƙananan matatu masu tattara hanji a ƙauyuka. A lokacin wata annoba ta kashe aladu da yawa a Sin, hanji ya yi tsada, sai aka samu waɗanda suka cakuɗa wani sinadari mai araha da aka sarrafa daga guringuntsi. Muguntar abin ita ce a gwajin da ake yi a wancan zamani, wannan algus ɗin yana nuna kansa tamkar hefarin na gaske. Zuwa Afrilun 2008 FDA ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 81 da ake dangantawa da allurar, kuma an ga gurɓataccen kayan a ƙasashe sama da goma.

A lura da kyau: aladen bai kashe kowa ba. Hannun ɗan Adam ne ya shiga tsakanin kwata da kwalba. Wannan shi ne raunin duk abin da ake cirowa daga dabba, hanyarsa doguwa ce, ta ratsa hannun mahauci da dillali da mai tacewa, kuma duk inda hannu ya yi yawa ha'inci na samun ƙofa. Bayan wannan musiba an ƙara sababbin gwaje-gwaje a ƙa'idar yin hefarin, waɗanda ke kama irin wancan algus.

To, akwai madadi? Akwai, amma ba a kowane hali ba. Arixtra allura ce da aka haɗa kacokan a masana'anta, babu dabba a cikinta. Sai dai ta ƙoda take fita, don haka ba ta dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba, kuma ba ta da makari na musamman idan jini ya ɓalle. Hefarin kuwa tana da makari, furotamin, wanda shi kansa asalinsa daga maniyyin kifin salmon ne (ka ga an gudu ba a tsira ba). Akwai ƙwayoyin sha irin su Xarelto da Eliquis da tsohon wafarin, su ma duk haɗin masana'anta ne. Ga wanda zai daɗe yana shan maganin tsinka jini a gida, waɗannan ne ma aka fi bayarwa. Amma ga mai juna biyu lissafin ya sauya: wafarin na ratsa mabiyiya ya yi wa ɗan tayi lahani, sababbin ƙwayoyin ma ba a ba ta su, ita kuwa Clexane ba ta tsallakawa wurin jariri. A nan maganin dabbar ne ya fi aminci, kuma ba kusa ba. Mai son kauce wa na alade ya faɗa wa likita tun da wuri, ya tambaya ko Arixtra ko ƙwayar sha za ta yi a halin da yake ciki. In an ce ba za ta yi ba, ƙin karɓa wasa da rai ne.

Kwanson kafso

Wannan ne ya fi shafar kowa, domin babu gidan da ba a haɗiyi kafso ba. Kwanson da aka saba da shi jelatin ne, wato abin da ke fita idan aka daɗe ana dafa fata da ƙashi, irin danƙon da romon ƙafar saniya ke yi idan ya kwana ya huce. Fatar alade da ƙiragan shanu da ƙasusuwansu su ne manyan tushensa, sai ɗan kaɗan daga fatar kifi. Madadinsa kwanso ne da ake yi da sinadarin jikin itace, za ka ga an rubuta HPMC a jikin kwali.

Tsoro biyu ake haɗawa da jelatin, kuma wanda aka fi yayatawa shi ne mafi ƙanƙanta. An gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, ta kama shanu sama da 180,000, a watan Maris na 1996 kuma gwamnatin ƙasar ta amsa cewa tana iya tsallakawa zuwa mutum. Mutum 178 ta kashe a can. Abin da ke kawo ta wani gurɓataccen furotin ne da dahuwa ba ta kashe shi, kuma ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa da lakar baya. Shi ya sa aka hana saka waɗannan sassa a jelatin na magani, aka kuma tilasta bayyana ƙasar da shanun suka fito. Jiƙon da ake yi wa ƙashi a ruwan asid da na farar ƙasa yana rage haɗarin sosai, kuma ba a taɓa danganta kamuwar wani da haɗiyar kafso ba. Inda wannan tsoro ke da gurbi shi ne ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake yi da busasshiyar ƙwaƙwalwar saniya ko sauran kayan ciki, a ce wai suna ƙara basira. Waɗannan ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.

Tsoro na biyu ya fi zama na gaske, kuma irin na hefarin ne. A Afrilun 2012 aka bankaɗo a Sin cewa wasu masana'antu na yin kwanson kafso da jelatin da aka dafa daga ragowar fatar da aka riga aka jeme, mai ɗauke da kuromiyam, sinadarin jima mai guba. Duk wanda ya san yadda ruwan majemun zamani ke fita a Sharaɗa ko Challawa a Kano ya san abin da ake nufi. Kuma ba baƙon labari ba ne a wurinmu, tunda NAFDAC ta sha gargaɗi kan fatun masana'antu da ake sayarwa a matsayin ganda. Kariyar mai saye a nan ita ce kamfanin da ya yi maganin: sananne ne, yana da rajista, ko kuwa kwali ne kawai mai ƙyalli?

Ta fuskar yanayinmu kuma kwanson itace na da ɗan fifiko. Jelatin na ɗauke da danshi a jikinsa, da hunturu ya bushe ya yi ƙaras ya fashe, da damina ko zafin bazara ya yi laushi ya manne da 'yan'uwansa. Na HPMC ya fi jure wannan. Ta fuskar aiki a ciki kuwa, duka biyun narkewa suke su saki magani.

Saura tambayar Gwaggo, ta halas da haram. A 1995 wani taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Kimiyyar Likitanci ta shirya a Kuwait ya tafi a kan cewa jelatin ya riga ya rikiɗa daga asalinsa, abin da fiƙihu ke kira istihala, don haka ya tsarkaka. Wasu malamai, musamman a Malesiya da Indunusiya, ba su yarda da haka ba idan na alade ne, shi ya sa a can ake yin kwanson shanun yanka mai tambarin halal. Ba ni da hurumin raba wannan gardama. Abin da zan iya faɗa shi ne sau da yawa ba sai an shige ta ba: maganin da ke zuwa a kafso kan zo a ƙwaya ko a ruwa, sai ka tambayi mai kemis. Abu ɗaya kawai, kada ka ɓare kafso ka zazzage garin a baki ba tare da ka tambaya ba. Wasu an yi su ne don su wuce tumbi kafin su narke, wasu don su riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, ɓarewa na iya juye maka na yini guda a lokaci ɗaya.

Man kifi, man hantar kifi, man gansakuka

Abubuwa uku ne da ake rikita su, har masu kemis. Man kifi daga tsokar kifaye masu maiƙo ake matso shi, abin da ake nema a ciki shi ne omega-3. Man hantar kifi, wanda da yawanmu aka ɗura mana da cokali muna yara muna yamutsa fuska, daga hanta ake ciro shi, don haka yana tafe da bitamin A da D masu yawa. Na uku daga gansakukar ruwa ake yin sa a cikin tankuna. Asali ma kifin daga gansakukar yake samun nasa omega-3, ka ga an tsallake dillali ke nan.

Ga mai ciki bambancin nan ba ƙarami ba ne. Bitamin A irin na dabba taruwa yake a hanta, ba ya fita da fitsari, kuma yawansa a watannin farko na iya nakasa jariri. Iyakar da aka sa wa baligi ita ce maikurogiram 3,000 a rana, kuma hukumar lafiyar Birtaniya na ce wa masu ciki kai tsaye su bar man hantar kifi da ita hantar kanta. Mace ta haɗa maganin awon ciki da man hantar kifi da wani tonik na ƙarin jini da tsiren hanta, duk da niyyar gina jariri, garin neman ƙiba a samo rama. Sinadarin da ke cikin karas da manja da zogale daban ne, jiki na juya shi zuwa bitamin A gwargwadon buƙatarsa.

Mutane na tsoron makuri, wani sinadari mai guba, a man kifi, amma shi a tsoka yake maƙalewa, kaɗan ne ke bin mai. Gubobin masana'antu masu narkewa a maiƙo su ne abin dubawa, kuma kamfanin kirki na tace su. Matsalar da ta fi kusa da mu ita ce lalacewa. Man kifi ba ya son zafi da haske, kwalbar kuwa ta yi watanni a kwantena, ta yi wasu a shagon da rufinsa kwano ne. Ka fasa ƙwaya ɗaya ka shinshina. Ɗan ƙarni ba komai, amma wari mai hawa kai kamar na tsohon man suya alama ce ta ya tashi daga aiki. Man gansakuka ma na lalacewa da zafi, sai dai ba ya ɗauko dattin teku, ya kuma dace da wanda kifi ke tayar wa borin jini. Tsadarsa ce aibinsa.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: ana buƙatarsa kuwa? Wani babban bincike a Amurka mai suna VITAL, wanda aka fitar a 2018 bayan bin mutum sama da 25,000, bai ga giram ɗaya a rana ya rage manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki a dunƙule ba. A binciken da aka ba mutane giram huɗu a rana kuma an ga ƙaruwar rikicewar bugun zuciya. Wanda likita ya rubuta wa saboda yawan maiƙo a jini, hukuncinsa daban. Ga sauranmu, kifi titus ko sadin sau biyu a mako ya fi kwalba, ga shi kuma an ci an ƙoshi.

Ƙwayoyin gwiwa

Mu koma kan kantar kemis. Farar kwalbar na ɗauke da abu biyu: gulukosamin daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da kondirotin daga guringuntsi, wanda kan iya zama na maƙogwaron saniya, ko na alade, ko na kifin shak, kuma sau da yawa kwalin ba ya faɗin wanne. Koriyar gulukosamin ne zalla da aka samar ta hanyar ruɓar da masara. Sinadarin iri ɗaya ne a jiki, sai dai na masarar ya kauce wa damuwar masu borin jini da abincin teku, ya kuma kauce wa tambayar yanka.

Idan tsakanin biyun ne kawai, na masara ya ci. Amma a 2006 aka fitar da binciken GAIT a kan mutum 1,583 masu ciwon gwiwa, kuma a jimlace ba gulukosamin ba, ba kondirotin ba, ba haɗinsu ba, babu wanda ya fi ƙwayar da ba komai a cikinta da wani tazara mai ma'ana. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ce a 2019 kada a riƙa ba da gulukosamin don ciwon gwiwa da ƙugu, hukumar NICE ta Ingila ma haka ta ce. Mai shan wafarin kuma ya nisance su gaba ɗaya, ko na masara ko na jatan lande, don suna iya ƙara tsinkewar jini.

Inda masana'anta ta yi wa dabba fintinkau

Insulin shi ne labarin da ya fi daɗi. Daga 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Toronto, har shekara sittin, daga jikin shanu da aladu ake ciro shi. Na alade ya bambanta da na mutum da tubali ɗaya cikin 51, na saniya da uku, kuma wannan ɗan bambancin da ragowar datti kan sa wurin allura ya yi ja ko ya lotsa. A 1982 aka amince da Humulin, insulin irin na mutum da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. Mixtard da Actrapid da Lantus da ake sayarwa yau duk ta hanyar yis ko bakteriya ake yin su. Mai ciwon suga da ke gudun allura don ya ji an ce ta alade ce, labarin ya tsufa da shekara arba'in. Maƙiyin insulin a wurinmu zafi ne da ɗaukewar wuta, shi ya sa inda babu firji ake ajiye shi cikin sanyin randa.

Haka maganin tayirod, halittar nan ta gaban wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tsohon maganin busasshen tayirod ɗin alade ne da aka niƙa, kuma har yanzu ana tallarsa a intanet da sunan "na asali". Matsalarsa awo: sinadarai biyu da ke cikinsa na zuwa kusan huɗu bisa ɗaya, alhali jikin mutum na fitar da su kusan goma sha huɗu bisa ɗaya, kuma a 2020 an janye wasu rukunansa a Amurka, wani ya yi ƙarfi fiye da kima, wani ya gaza. Lebotiroksin, irin su Euthyrox, haɗin masana'anta ne mai awo tsayayye, ga araha. Don a san abin ba na wasa ba ne: tsakanin 1984 da 1985 mutum 121 a yankin Minesota da maƙwabtanta suka kamu da bugun zuciya da rawar jiki da rama, aka yi ta neman dalili, ashe wata mayanka ce ke haɗa naman wuyan shanu da tayirod ɗinsu a cikin niƙaƙƙen nama. Daga nan aka hana wannan yankan. Ƙwayar da aka ce tana "tallafa wa tayirod" da garin na saniya, irin wannan naman ne a cikin kafso.

Bitamin D3 ba ya buƙatar dogon zance: yawancinsa daga maiƙon gashin tumaki ake yi, tunkiyar da ranta aka yi mata aski, kuma akwai na tsiro ga mai so. Kalsiyam na garin ƙashi kuwa a bar shi, don ƙashi ne ma'ajiyar dalma a jikin dabba. Wanda aka tace ya fi.

Inda babu zaɓi

Akwai magungunan da har yau ba a samu abin da zai maye gurbin dabba a cikinsu ba, kuma wanda ya fi kusa da mu shi ne makarin dafin maciji. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininsu ya ƙera garkuwa, a ɗebi jinin a tace. EchiTAb-G, da aka yi da jinin tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus, da ake yi da na dawaki a Kostarika, an samar da su ne da dafin macizan Najeriya, musamman kububuwa, kuma su ne aka yi ta ceton manoma da makiyaya da su a asibitin Kaltungo na jihar Gombe. Haɗarinsu sananne ne: jiki na iya yi wa furotin ɗin dabbar bore nan take, ko bayan mako ɗaya zuwa biyu a ga zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓɓai. Shi ya sa ba a yin sa sai inda ake da allurar adirenalin a gefe. Amma a ajiye wannan kusa da jinin da ya ƙi tsayawa bayan saran kububuwa, babu abin aunawa.

Haka Creon, mai narkar da abinci ga wanda fankiriyas ɗinsa, halittar cikin ciki mai fitar da ruwan narkar da abinci, ya gaza, na alade ne kuma ba shi da takwara. Haka ruwan da ake ɗura wa bakwaini a huhu don ya iya numfashi, Curosurf daga huhun alade, Survanta daga na saniya. A irin waɗannan wurare ayar larura ta 173 a Suratul Baƙara ce malamai ke kafa hujja da ita. Allurar ATS ta jinin doki da ake yi don kare tetanus bayan taka ƙusa kuwa tana da madadi daga jinin mutum, mai ƙarancin bore amma mai tsada. Wanda ya cika rigakafin tetanus ɗinsa galibi ba ya buƙatar ko ɗaya.

A can ɗaya ƙarshen kuma akwai abin da bai ratsa kowace tacewa ba: fitsari da ɗanyen nonon raƙumi a gorar ruwa a bakin hanya. Ba maganar asalinsa a addini nake ba, maganar gorar nake. Wane raƙumi, lafiyarsa ƙalau, kwana nawa a rana? Cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take tsallakowa, ta kashe kusan kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar sun kamu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guji ɗanyen nono da fitsarin raƙumi. A 2015 masu bincike sun samu ƙwayar cutar a hancin raƙuman da ake yankawa a kwatar Kano, ko da yake irin ta Afirka ba ta haddasa annoba irin ta Saudiyya ba. Ɗanyen nono, na raƙumi ko na saniya, na kuma ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai zazzaɓin da ke tafiya ya dawo har a yi ta shan maganin maleriya a banza. Nono dai tafasa shi na kawar da wannan.

Wanda cin jan nama ke tayar wa borin jini bayan wasu sa'o'i, abin da cizon wata kaska ke jawowa, shi ma ya sanar da likita kafin a ba shi jelatin ko hefarin, don duk daga dabbobi masu shayarwa suke.

A kemis ɗin nan na ce wa Gwaggo ta bar duka biyun, ta je gashin ƙashi, ta riƙa shafa man da likita ya rubuta mata. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gwiwar a jikina take ko a naka?" Muka daidaita a kan koriyar, tunda ba ta shan maganin tsinka jini, da sharaɗin wata uku: in ba ta ji sauyi ba, ba za a sake saye ba. Na karɓi biron yaron kemis na rubuta kwanan wata a murfin. Da wata ukun ya cika gwiwa na nan yadda take, har yanzu a kan kujera take sallah, ko da yake ta ce ranar da ta je gashi takan samu barci. Kwalbar kuwa tana kan tagar ɗakinta, allura da zare da maɓallai ne a ciki.